Ƙashin Ƙuruciya: Nono, Yunwa da Kalsiyam a Tarihin Katsina

A ƙarshen shekarun 1920, lokacin da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya haura shekara ashirin a kan gadon sarauta, wani likitan gwamnatin mulkin mallaka mai suna W. E. McCulloch ya duƙufa a kan tambayar da takwarorinsa ba su cika damuwa da ita ba. Hankalin likitocin Turawa na wancan zamani ya fi karkata ga zazzaɓin cizon sauro, da ciwon barci, da agana, da kuturta. Shi kuwa abin da ya so ya sani shi ne me Hausawa suke ci, kuma me abincin yake yi wa jikinsu. A birnin Katsina ɗakin binciken abincin da ya yi aiki a ciki yake, kuma tsakanin 1929 da 1930 ya buga sakamakon aikinsa kashi-kashi a mujallar West African Medical Journal. Taƙaitaccen abin da ya gano shi ne hatsi yana cika ciki, amma cimar talaka ta gaza wajen abinci mai gina jiki irin na dabba da wasu ma'adinai, ciki har da kalsiyam, sinadarin da ake gina ƙashi da shi.

Kusan shekara ɗari bayan haka, tambayar ta dawo ta wata ƙofa. Likitocin da ke kula da matasa masu ciwon ƙin cin abinci, wanda ake kira anoreksiya, sun lura cewa tsoka da kitse suna dawowa idan mara lafiya ya koma ci, amma ƙashi yana jan ƙafa, wani lokaci ma ba ya cikowa har abada. Mai karatu yana iya cewa wannan ciwon 'ya'yan masu hali ne na Turai, ba shi da gurbi a jihar da yara ke mutuwa saboda tamowa. Sai dai ƙashi bai san dalilin yunwa ba. Ko fari ne ya kawo ta, ko talauci, ko ciwon da ke sa yarinya ta ture kwano, asarar iri ɗaya ce, kuma a shekarun balaga ta fi muni. Tarihin Katsina da na maƙwabtanta yana da abin faɗa a kan yadda ake tafka wannan asara da yadda ake rage ta.

Ginin da ke da wa'adi

Jariri yana zuwa duniya da kalsiyam kimanin giram 30 a jikinsa. Babban mutum kuwa yana ɗauke da kimanin kilo ɗaya, kuma kashi 99 cikin ɗari na wannan yana cikin ƙashi da haƙora. Duk abin da ke tsakanin giram 30 da kilo ɗaya daga abinci ya fito, domin jiki ba ya iya ƙera kalsiyam da kansa. Ɗan abin da ya rage a cikin jini shi ne ke sa zuciya ta buga, jijiya ta kai saƙo, jini ya daskare idan an ji rauni. Saboda muhimmancin waɗannan ayyuka, jiki ba ya barin kalsiyam na jini ya sauka. Idan abinci bai kawo ba, sai ya ɗebo daga ƙashi. Wannan ne ya sa gwajin jini yakan fito lafiya lau alhali ƙashi yana zaizayewa a ɓoye.

Ƙashi abu ne mai rai. Kamar gidan ƙasa da damina ke ci, magina su bi shi da yaɓe da rani, haka wasu ƙwayoyin halitta suke rushe tsohon ƙashi, wasu kuma suna gina sabo. A ƙuruciya magina sun fi marusa yawan aiki. Wani bincike da David Bailey da abokan aikinsa suka yi a jami'ar Saskatchewan ta ƙasar Kanada, inda suka riƙa auna ƙashin yara shekara bayan shekara, ya nuna a 1999 cewa ginin yana kai ƙololuwarsa ne a wajen shekara 12 da rabi ga 'yan mata, da wajen shekara 14 ga samari. A cikin shekara biyu kacal da ke kewaye da wannan lokaci ake aza kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na ma'adinan ƙashin da mutum zai rayu da su. Kafin a kai shekara talatin ginin ya tsaya. Daga nan sai riƙo, sannan raguwa a hankali, wadda ke ƙara sauri ga mata bayan ɗaukewar haila.

Saboda haka ne hukumomin lafiya na Amurka da na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa matasa ma'auni mafi girma, wato miligiram 1,300 a rana, fiye da na manya. Kofin madara ɗaya yana ba da kimanin miligiram 300. Gero da dawa kuwa ba su kai miligiram 50 a cikin giram 100 ba, masara da farar shinkafa ma sun fi su ƙaranci. Bugu da ƙari, a cikin dusar hatsi akwai wani sinadari mai suna fayitet da ke kama kalsiyam ya hana hanji tsotse shi. Al'ummar da tuwo ne ginshiƙin abincinta tilas ta nemi kalsiyam a wani wuri.

Inda mutanen da suka samo shi

Mutanen ƙasar Katsina sun samo shi tun ba su san sunansa ba. Hanya ta farko ita ce nono. Zaman manomi da makiyayi a wannan yanki ya ginu ne a kan musaya: bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara su bar taki, matan Fulani kuma su shigo gari da ƙwarya a ka, su koma da hatsi ko kuɗi. Fura da nono ita ce 'yar wannan musaya, geron manomi a cikin nonon makiyayi. Ko da an kaɗa nono an cire man shanu, kalsiyam yana nan a cikinsa, domin ba ya bin mai. Tsamin da nono ke yi ma yana da nasa amfani. A 1971 Norman Kretchmer na jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun nuna cewa mafi yawan Fulani makiyaya suna iya narkar da sukarin ɗanyar madara har girmansu, amma a sauran al'ummomin Nijeriya mutane da yawa ba sa iyawa, sai ta kumbura musu ciki. Ƙwayoyin da ke tsamama nono suna cinye wani kaso na wannan sukari, don haka wanda ɗanyar madara ba ta karɓe shi ba yakan sha nono ko kindirmo lafiya.

Hanya ta biyu ita ce miya. Busasshen ganyen kuka yana cikin ganyayyaki mafi yawan kalsiyam da aka auna a Afirka ta Yamma, zogale ma haka. Ga riɗi, ga ƙananan busassun kifi da ake daka su da ƙayarsu a zuba a tukunya. Jiƙa gero da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu da koko, yana karya wani kaso na fayitet. Ba wanda zai ce wannan tsari ya wadatar da kowa, ai binciken McCulloch kansa shaida ne cewa bai wadatar ba. Amma shi ne ya tsare ƙashin jama'a gwargwadon hali, kuma ƙafarsa ɗaya a kan saniya take.

Shi ya sa duk abin da ya taɓa garke yakan taɓa ƙwarya. Cutar bushiya ta shigo Afirka ta tashar Massawa da ke bakin Bahar Maliya a 1887, a jikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Cikin 'yan shekaru ta keto sahel ta iso ƙasar Hausa a farkon shekarun 1890, ta kashe mafi yawan shanun da ta tarar. Fulani sun riƙa tuna wannan annoba da sunan Sannu, saboda yawan jajen da aka yi wa juna. Garke bai gama farfaɗowa ba Turawa suka ci Katsina a 1903, suka tsaurara karɓar jangali. Sai yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, sai ta 'Yar Buhu a 1927. Ke nan samarin da McCulloch ya gani a titunan Katsina jarirai ne a lokacin yunwa ta farko, kuma ta biyu ta same su a tsakiyar balaga.

A daidai wannan lokaci masu binciken Ingila sun fara gane darajar madara ga girman yara. John Boyd Orr ya gwada ba 'yan makaranta madara a Sikotilan a 1926 zuwa 1927, ya ga sun fi sauran ƙara tsayi da nauyi. A 1931 shi da John Gilks suka buga kwatancin da suka yi a Kenya tsakanin Masai masu shan madara da Kikuyu masu dogaro da hatsi, inda namijin Masai ya fi na Kikuyu tsayi da kimanin inci 5 a matsakaici. Bayan wannan, Ingila ta faɗaɗa rabon madara a makarantunta. A Arewacin Nijeriya kuwa, ƙoƙarin gwamnati ya fi tafiya ga rigakafin shanu a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, da sarrafa man shanu da cuku. Sanin cewa yaro mai tasowa yana buƙatar madara ya iso Katsina da wuri, amma bai zama tsarin ciyar da 'yan makaranta ba.

Ciwon da aka ce babu shi a Afirka

Labarin ciwon ƙin cin abinci ya taso ne daga wani ɓangaren duniya. Likitan Ingila Richard Morton ya bayyana wata budurwa da ta rame har ta mutu ba tare da an ga wata cutar jiki ba a 1689. A 1873 William Gull a Landan da Charles Lasègue a Faris, kowa a nasa ɓangare, suka siffanta ciwon filla-filla: yarinya mai lafiya ta fara rage ci, ta rame, hailarta ta ɗauke, amma ta dage cewa lafiyarta ƙalau. Gull ne ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi har yau. An ɗauki fiye da shekara ɗari kafin a juya ga ƙashin waɗannan marasa lafiya. A 1984 Nancy Rigotti da abokan aikinta a birnin Boston suka auna mata 18 masu ciwon, suka tarar ƙashinsu ya yi rauni ƙwarai, har biyu daga cikinsu ƙashin bayansu ya riga ya murƙushe kamar na tsofaffi. Wani binciken asibitin Mayo na 1999 ya nuna cewa waɗanda suka taɓa yin ciwon suna fuskantar haɗarin karaya kusan ninki uku na sauran mutane, har bayan shekaru masu yawa.

Dalilin ya wuce ƙarancin kalsiyam a kwano. Idan jiki ya ji yunwa ta yi tsawo, yakan rufe ayyukan da yake ganin za su iya jira. Sinadaran balaga suna sauka, istirojin ga mace, testostiron ga namiji, kuma su ne ke tsare ƙashi daga rushewa. Sinadarin da ke umartar magina su yi aiki yana raguwa, na tashin hankali kuma, wato kotisol, yana hawa ya ƙara danne su. Marusa suna aiki, magina sun ajiye kaya. Yarinyar da wannan ya same ta tana da shekara 13 ta yi asara biyu: abin da ya zube, da abin da ya kamata a gina ba a gina ba.

An daɗe ana ɗauka cewa ciwon na Turawa ne kawai. A 1981 wani likita mai suna Nwaefuna ya buga rahoton wata matashiya 'yar Nijeriya mai ciwon a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila, a 1988 kuma Famuyiwa ya kawo rahoton wasu biyu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne binciken da aka buga a 2004 a kan ɗalibai mata 668 na sakandare a arewacin Gana. An sami goma daga cikinsu da suka rame ƙwarai ba don cuta ko rashin abinci ba, sai don hana kai ci. Ba ɗaya a cikinsu da ta ce tana tsoron ƙiba. Sun bayyana abin da suke yi da kalmomin ibada da horar da kai. Darasin da ke nan babba ne ga iyaye da malaman ƙasar Hausa: ciwon yana sa rigar da ya tarar a gari. Yana iya ɓuya a bayan yawan azumin nafila, ko ƙorafin gyambon ciki da ba ya jin magani, ko damuwar jarrabawa, ko a danganta shi da iska ko sammu. Ga kuma abin da aka gani a tsibirin Fiji, inda a da ake yabon cikar jiki kamar yadda ake yi a nan. Talabijin ya isa wani yanki na ƙasar a 1995, kuma bayan shekara uku Anne Becker ta tarar kimanin kashi 11 cikin ɗari na 'yan matan da ta tambaya suna jawo wa kansu amai don su rage jiki, abin da ba a samu ko ɗaya ba a farkon binciken. Wayar hannu ta fi talabijin saurin shiga ɗaki.

Darasin Jos da na Keneba

Yayin da ake wannan a Boston, wani abin mamaki yana faruwa kusa da gida. Littattafan likitanci sun koyar cewa ciwon laushin ƙashi na yara, mai sa ƙafa ta yi baka ko gwame, daga rashin bitamin D yake, wato daga rashin hasken rana, shi ya sa ya addabi biranen Turai masu hayaƙi. To me ya kawo shi Nijeriya, inda rana ba ta yin rowa? Tom Thacher, Philip Fischer, John Pettifor da abokan aikinsu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun raba yara 123 masu ciwon gida uku, suka bi su mako 24. Sakamakon da suka buga a 1999 ya nuna cewa cikin waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, kashi 19 cikin ɗari ne suka kai matakin warkewa. Waɗanda aka ba kalsiyam kaɗai, kashi 61. Waɗanda aka haɗa musu biyun, kashi 58. Abin da yaran suke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba. Wannan bincike na Arewacin Nijeriya ya sa an gyara abin da ake koyarwa a duniya. Daga baya masu binciken sun nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa ma yana warkar da ciwon.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce magani shi ne a raba wa kowa ƙwaya. Amma a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda Ann Prentice da abokan aikinta suka daɗe suna bincike, an ba yara masu lafiya 'yan shekara 8 zuwa 12 ƙarin kalsiyam na tsawon shekara guda. Da farko ma'adinan ƙashinsu sun ƙaru. Da aka ci gaba da binsu har girma, sai ribar ta dushe, kuma samarin da aka ba ƙwayar sun yi saurin shiga lokacin tsawo, suka tsaya da wuri, suka ƙare sun ɗan fi takwarorinsu gajarta. Haka nan a ɓangaren anoreksiya, gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙwayar kalsiyam da bitamin D ita kaɗai ba ta mayar da ƙashi muddin nauyi bai dawo ba. Ƙwayoyin hana ɗaukar ciki da aka daɗe ana ba 'yan mata don jini ya dawo ma ba su gyara ƙashin ba, sai dai su ɓoye alamar da likita yake dubawa. A 2011 Madhusmita Misra da Anne Klibanski sun nuna cewa istirojin da ake mannawa a fata yana taimakawa, amma shi ma bai kai dawowar nauyi da dawowar haila ta kanta ba.

Idan aka haɗa Jos da Keneba da Boston, magana ɗaya ce ke fitowa. Kalsiyam tubali ne. Inda aka rasa shi ƙwarai, kawo shi yana warkarwa. Amma tara tubali a ƙofar gida ba ya ta da bango idan magina suna kwance da yunwa.

Katsina ta yau

Tsarin fura da nono ya sake shan duka a wannan zamani. Farin 1972 zuwa 1974 ya ci garke, bushiya ta dawo a 1983 kafin a kawar da ita daga duniya a 2011. Sai kuma satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga a dajin Rugu da ƙananan hukumomin yammacin jihar irin su Jibiya, Batsari, Safana da Ɗanmusa, wanda ya kori makiyaya daga mashekarinsu, ya hana manoma gonakinsu. Nonon da ke isa birni ya yi tsada, wani an sirka shi da ruwa, wani kuma da madarar gari aka haɗa shi. A gidaje da yawa shinkafa, taliya da lemon kwalba sun maye gurbin fura da miyar kuka, kuma ba ɗaya a cikinsu da ke da kalsiyam na a zo a gani.

Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aikin tamowa a jihar tun 2021, ta ba da rahoton cewa a wata shida na farkon 2025 yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina, cikin kusan 70,000 da ta kula da su. Dole ne hankali ya tafi ga waɗannan ƙananan yara, domin su ne mutuwa ta fi kusa da su. Amma shirye-shiryen tamowa na 'yan ƙasa da shekara biyar ne, shirin ciyar da ɗalibai na tarayya da aka farfaɗo da shi a 2016 kuma an tsara shi ne ga 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare. Mai shekara 12 zuwa 18, wanda yake tsakiyar ginin ƙashinsa, ya faɗa tsakanin biyun, ba mai auna shi.

Ga 'yan mata nauyin ya ninku. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan kashi 29 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 19 a Arewa maso Yamma sun haihu ko suna da ciki. Tun a 1985 Kelsey Harrison, a bincikensa na haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna cewa irin waɗannan yara ba su gama girma ba, domin da yawa daga waɗanda aka ba maganin ƙarin jini da na zazzaɓi sun ƙara tsayi suna ɗauke da ciki. Ƙugun da yunwa ta hana shi buɗewa yana cikin abubuwan da ke kawo doguwar naƙuda, kuma asibitin Babbar Ruga da ke gefen birnin Katsina, inda Kees Waaldijk ya fara aikin yoyon fitsari a shekarun 1980, ya daɗe yana karɓar waɗanda suka yi ta ba tare da samun tiyata a kan lokaci ba.

Akwai kuma wata matsalar da ke tafiya ta kishiyar hanya amma ta sauka a wuri ɗaya. A inda ake yabon cikar jiki, 'yan mata ramammu sukan nemi ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, musamman gab da aure. Daga cikin abin da ake sha akwai dekzametason, wanda ɗan'uwan kotisol ne. Yana kumbura fuska da ciki, amma yana danne maginan ƙashi, yana rage tsotsar kalsiyam a hanji, yana ƙara zubar da shi a fitsari. Mai hana kanta ci don ta rame da mai shan ƙwaya don ta cika, dukkansu biyu ƙashinsu ne ke biyan kuɗin.

Abin da tarihin ya bar wa mai jinya

Ga matashin da ke murmurewa daga ciwon ƙin ci, ko daga kowace doguwar yunwa, tsarin abubuwa a bayyane yake. Na farko shi ne cikakken abinci har nauyi ya koma inda ya dace da tsayi da shekaru, kuma ga mace, dawowar haila ba tare da ƙwaya ba ita ce alamar cewa magina sun koma bakin aiki. Wannan komawa ba a yin ta da gaggawa. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka ga fursunonin da suka tsira daga yunwa suna mutuwa bayan an cika musu ciki, likitoci suka san cewa wanda ya rame ƙwarai, idan aka ɗura masa abinci lokaci guda, sinadarin fosfet na jininsa yana iya faɗuwa har zuciya ta tsaya. Don haka makonnin farko aikin asibiti ne, kuma tunda tushen ciwon a tunani yake, ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa da haɗin kan iyaye. Faɗa da gori ba sa sa mai wannan ciwo ya ci. Idan kuma ta fuskar ibada abin ya ɓullo, malami yana da rawar takawa, domin shari'a ta sauke wa mara lafiya azumi, ta kuma hana haɗa kwanaki ana azumi ba buɗa baki.

Na biyu shi ne kalsiyam, kuma an fi so ya zo a cikin abinci, a rarrabe cikin yini, domin hanji ba ya tsotse fiye da kimanin miligiram 500 da kyau a zama ɗaya. Kofi uku na kindirmo ko nonon da aka tafasa madararsa kafin a tsamama, tare da miyar kuka ko zogale da ɗan garin kifi, suna kai matashi kusa da ma'aunin da ake nema. Tafasawar tana da muhimmanci saboda tarin fuka da sauran cututtukan da ɗanyar madara ke ɗauka. Tamba, wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, ta fita daban a cikin hatsi, domin tana da fiye da miligiram 300 a giram 100. Alayyahu yana da kalsiyam a takarda, amma wani sinadari da ke cikinsa yana riƙe mafi yawansa. Ƙwaya tana da gurbinta idan abinci ya gaza, bisa shawarar likita, haka ma bitamin D ga wadda ba ta cika shiga rana ba. Motsa jiki mai tsanani kuwa, ko da yake yana ƙarfafa ƙashin mai lafiya, yana ƙara wa ramamme asara har sai nauyinsa ya dawo.

Na uku shi ne lokaci, kuma shi ne ba a saye. Wanda aka gano ciwonsa cikin watanni yana da sauran shekarun gini a gabansa. Wanda ya shekara biyar ana kai shi daga mai magani zuwa mai magani yana iya warkewa ya yi jiki, amma ya shiga girma da ƙashin da bai cika ba, kuma ba zai sani ba sai ranar da ɗan tuntuɓe ya kai shi wurin maɗori ko asibitin ƙashi na Dala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aunin nauyi da na tsayi a ɗakin shan magani na makarantar kwana, da tambaya ɗaya ga ɗaliba a kan hailarta daga bakin ma'aikaciyar jinya, da kofin nono a jerin abincin ɗalibai, ba su kai kuɗin gyaran karayar ƙugu ɗaya ba. Katsina ta riga garuruwa da yawa na Afirka samun ɗakin binciken abinci, kuma nono da kuka ba baƙi ba ne a kasuwanninta. Abin da ba ta taɓa samu ba shi ne tsarin da zai kai su bakin 'yan shekara goma sha, a 'yan shekarun da ƙashi yake karɓa.